Randar Inna

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan Azahar

Inna ta tsiro da wani sabon hauka. Allah ya yafe mini, uwata ce, amma ban san wani sunan da zan ba abin ba.

Tun da aka binne Malam Sambo maƙwabcinmu ranar Juma'a ta hana kanta sakat, ta hana mu. Zafin nan ne ya ɗauke shi, yana zaune a zaure da mafici a hannu. Da aka zo wanka babu ruwa a gidansu, babu a namu, sai aka aika kududdufin bayan gari, inda masu zinari ke wanke garin dutse, aka ɗebo aka wanke shi. Gwaggo Laraba mai wankan gawar mata ce ta kawo wa Inna labarin, da bakin nan nata da ba ya riƙe komai. Har da cewa likkafanin ya yi ja-ja ta wajen kafaɗa. Wa ya tambaye ta?

Shi ke nan fa. Inna ta sa Haris ƙanena ya jawo tsohuwar randarta daga bayan rumbu, ya girke mata a ɗaki kusa da kan gado. Ta ce daga yau duk ruwan da aka ba ta, rabi za ta sha, rabi a zuba ciki har ta cika. Wai ruwan wankan gawarta ke nan.

Na ce, "Haba Inna! Mutane na neman na sha, ke kina tara na mutuwa?"

Ta ce, "Ruwan dalma ya ci min ɗiya biyu. Ba shi taɓa jikina, ko ina raye ko na mace."

Anwar da Hafsa take nufi, ƙannena, shekarar da gubar dalma ta kwashe yara daga nan har Tungar Guru. Ina makaranta a Anka lokacin, ban ga jijjigarsu ba. Ita ta gani. Na sani. Amma wannan bai sa randa ta fi cikin mutum ba.

Talata, 16 ga Afrilu, da hantsi

Hantsi ne kawai amma ƙasa ba ta takuwa. Kwanon ɗaki sai ƙas-ƙas yake kamar ana jifansa da tsakuwa. Kaji sun hangame baki sun lafe ƙarƙashin rumbu, jiya ɗaya ta kife ba ta tashi ba. Rediyon Haris ya ce an daɗe ba a ga irin wannan bazara ba. Sannu da ƙoƙari, ai ba sai sun faɗa mana ba. Ina yarinya, war haka hadari ya fara leƙowa daga gabas, maza na sharar gona. Yanzu sama fara fat, ko tsuntsu ba ya ratsa ta.

Tun cikin azumi aka kwance faifan sola na fanfon gari, har yau ba wanda ya zo ya dubi abin. Rijiyoyi kuwa guga na dawowa da taɓo. Saura gulbi, shi ma sai ranar da hanya ta yi shiru, matasa su haɗu su tafi a babura da jarkoki. Abin da Haris ya ɗauko shi muke sha mu huɗu: ni, shi, Inna, da Basma ɗiyata. Wanka an manta da shi. Salla sai taimama.

Basma shekararta huɗu. Ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, ta sosa har sun yi jini. Kalma ɗaya ta sani yanzu: ruwa. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan ba ni da kowa sai ita. Ba na roƙon Allah komai sai in fitar da yarinyar nan daga bazarar nan da ranta, ruwan kududdufi bai shiga cikinta ba.

Ga kuma tsohuwa tana zuba ruwa mai kyau a randa tana rufewa da faifai.

Alhamis, 18 ga Afrilu, tsakar rana

Zafi. Ko kuka ba ya fitowa.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan La'asar

Idon Inna ya yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa, amma wayonta na nan daram. Ta samo karan dawa. Kullum da safe ta lalubo randa, ta tsoma kara, ta shafa da yatsa ta ji inda ya jiƙe, ta datsa wurin da farce. Ni ke zuba mata rabin nata, tana kasa kunne tana jin ƙarar zubarsa. In ƙarar ta gajarta ta ce, "Ke, ƙaro. Ban ji ba."

Ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. "Ke" nake tun ina goye. Yau na ji kamar in kwaɗa mata moɗar.

Leɓenta duk ya tsattsage. Fatar hannunta in ka ja ba ta komawa. Na ce, "Inna, kashe kanki kike yi, kin kuwa sani?" Ta ce in ta mutu ai ta tarar da ruwanta a shirye. Na ce to Allah ya ba da sa'a.

Da Basma kaɗai take dariya. "Ƙawata, zo ki yi min hihita in ba ki goro." Yarinya ta ɗauki mafici ta yi ta kaɗa mata har hannunta ya gaji. Ta ce, "Kaka, mene ne a cikin randa?" Inna ta ce, "Kayan tahiyata na." Goro za ta ba ta. Goro!

Lahadi, 21 ga Afrilu, kafin Magariba

Jiya Haris bai je gulbi ba, tayarsa ta yi faci. Waɗanda suka je ba duka suka dawo ba. Ba zan rubuta sunayensu ba, kuma ba zan rubuta abin da aka tarar a hanya ba. An ce kar wanda ya sake fita sai an ji daga mutanen daji. Haris na zaune a zaure tun safe.

Abin da ya rage a jarka bai kai a dama kunu ba. Na raba, na ba Basma nawa a kan nata. Da rana ta take jikinta ya ɗau zafi rau, ta daina gumi, ta kwanta a ƙasa tana numfashi da baki irin na kajin nan. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Wallahi durƙusawa na yi.

Na ce, "Inna, moɗa ɗaya. Don Allah. Ba don ni ba, don ƙawarki."

Ta ɗora tafin hannunta a kan faifan. Ta ce, "In na buɗe yau, gobe ma a buɗe. Ku nemo wani wuri."

"Wane wuri? Kududdufi?"

Ta ƙara danne faifan.

A nan na kwance mata. Na ce mata ta mutu mana tun yanzu mu huta, a wanke ta, mu samu ragowar. Na ce ƙasa ba ta tambayar da wane ruwa aka wanke mutum. Na ce Anwar da Hafsa da suna nan da sun ji kunyarta. Wannan na ƙarshen shi ya same ta. Ban ji tausayinta ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban ji ba.

Gwaggo Laraba ce ta miƙo rabin kofi ta kan katanga. Da shi yarinyar ta kai yamma.

Litinin, 22 ga Afrilu, da safe

Inna ta kira Haris ta faɗa a gabansa don ya zama shaida. "Duk wanda yat taɓa min randa ban yahe ba, duniya da lahira. Ko wa na haiha." Ba ta juyo wajena ba. Haris ya ce, "Yaya, ki bar ta, kin san halinta." Shi ma na ce masa ya rufe mini baki, namijin da ba ya iya kawo wa gida ruwa. Na san ba laifinsa ba ne. Na dai faɗa.

Talata, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

An gama.

Da sassafe na ɗauki bokiti biyu na bi ta bayan gari. Injinan niƙan dutse na ta ruri, baƙin nan masu zinari suna cikin kududdufi har gwiwa suna girgiza kwanoninsu. Ruwan ja ne, da wani kumfa a gefe, awaki na sha. Ba ni kaɗai ba ce mace a wurin. Ba wadda ta gaida wata.

A bayan rumbu na tace shi da kallabina har sau biyu, na jefa alif na bar shi ya kwanta. Kafin Azahar ya yi garau, sai ka rantse daga fanfo yake. Inna in rana ta take barci ke kwashe ta, baki buɗe, ko ganga ba ta ji. Na shiga ba takalmi. Na kwashe abin da ke randa tas na juye a jarka. Na zuba wancan a hankali ta jikin randa don kar ya yi ƙara, na tsoma karanta na daidaita da datsin farcen ƙarshe, na mayar da faifai yadda ta karkata shi.

Ta ce kar a taɓa. To an taɓa. Ba ta gani, hancinta kuwa taba ta kashe shi tuntuni, kuma ta yi rantsuwa ba za ta kai shi baki ba. Ina cutar take? Gawa ba ta sha.

Basma ta sha har ta yi gyatsa. Na jiƙa tsumma na goge mata wuya da hammata, ta yi barci mai daɗi, na farko cikin makon nan. Na zauna ina kallonta. Ko a jikina.

Laraba, 24 ga Afrilu, da safe

Ta tsoma kara, ta shafa, ta ce alhamdu lillahi.

Yanzu in ta miƙo rabin nata, sai in ajiye shi gefe in zuba mata na kududdufi da nake ajiyewa a buta. Ƙarar duk ɗaya ce. Har ina tsawaita mata don ta ji daɗi.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan Magariba

An fita roƙon ruwa da hantsi, maza da yara da dabbobi, an juya riguna. Liman ya yi ta kuka, wasu tsofaffi biyu suka faɗi a sahu aka ɗauko su a baro. Da La'asar sai ga hadari baƙi ƙirin daga gabas. Gari ya ɗauki kabbara. Muka fito da duk abin da ke da baki: bokiti, tukunya, kwarya, har kaskon suya. Basma na tsalle tsirara a tsakar gida tana miƙa harshe.

Iska ce ta zo. Ta yaye rufin kicin ta kai shi gidan Malam Sambo, ta karya reshen dogon yaron da muke fakewa a ƙarƙashinsa, ta cika kwanonin da muka jera da yashi. Ruwan da ya sauka ɗigo ne manya-manya, kana iya nuna wurin kowanne a ƙasa. Sai hadarin ya wuce yamma abinsa. An ce can wajen Gummi an samu. Allah ya sanya musu albarka, ni dai haushinsu nake ji.

Bayan wucewarsa zafin ya dawo da wani irin turiri, kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskarka. Inuwar ma yanzu babu.

Inna daga ɗaki: "An yi?" Na ce an yi, fito ki yi iyo.

Litinin, 29 ga Afrilu, da hantsi

Wasu masu ƙarfin hali sun haƙa rami a busasshen rafin da ke gabas da gari, ruwa na tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Sai mace ta yini a layi ta samu abin da bai cika tulu ba. Da shi da ragowar jarkata muke lallaɓawa. Na ɓoye jarkar cikin rumbu, na ce wa Haris Gwaggo Laraba ce ke taimaka mana. Ya dube ni, bai tambaya ba.

Randa ta kusa cika. Inna sai fara'a, ka ce amarya ce aka gama haɗa wa kaya. Ta sa an tsinko mata ganyen magarya ta shanya, ta ciro likkafaninta daga ƙasan akwati ta sa na kakkaɓe. Ta ce, "Ke, ki gaya ma Laraba ta hwara da dama, kuma kar ta yi min rowar ruwa, akwai shi." Na ce za a yi miki wanka irin na 'yar gata, Inna, kar ki damu.

Ta ce Allah shi yi min albarka. Tun ranar Lahadin nan ba ta faɗa ba sai yau. Na ce amin.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan La'asar

Na tafi layin rafi tun da asuba. Na bar wa Basma kofi cike a ƙarƙashin kwando, na ce ta zauna wurin kakarta. Layi bai zo kaina ba sai da rana ta karkata. Wata ta shiga gabana muka yi kaca-kaca, na fasa mata tulu, ban ma san fuskarta ba.

Na dawo na tarar da Basma a bakin ƙofar Inna, gaban rigarta jiƙe sharkaf, cikinta ya yi tulu. Ta ce, "Umma, Kaka ta ba ni kayan tafiyarta."

Na ajiye tulun. Ban san yadda na ajiye shi ba.

Inna na zaune a bakin gado, faifai a cinyarta, randa buɗe. Ta ce akuya ta ture kwando ta zubar da kofin. Ta ce yarinyar ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, daga baya ta yi shiru, shirun ne ya ba ta tsoro. Ta lalubo ta ta ji jikinta kamar garwashi.

"Sai nac ce, wa za ya wanke ni in ƙawata ta riga ni? Na ba ta moɗa ukku. Ta sha, ta sha, har tana haɗiya da ƙara." Tana faɗa tana murmushi. Ta ce, "Abin da kic ce ranan, kin yi gaskiya. Na janye maganata. Ku riƙa ɗiba mata."

Jira take in gode.

Na fita bayan rumbu na sa wa Basma yatsa a maƙogwaro. Ta yi ta kakari tana dukana, ba abin da ya fito sai yawu. Ta ce ba ta so na, Kaka take so.

Alhamis, 2 ga Mayu, da yamma

Lafiyarta lau. Ta ci tuwo, ta yi wasa da gwangwani. Awaki ma suna sha, ga su nan suna yawo. Matan da na gani a kududdufi ai ba wanki suka ɗebo wa ba, kuma ban ji an yi kuka a gidajensu ba. Na sa alif. Na tace sau biyu.

Lafiyarta lau.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan Azahar

Tun asuba take amai da gudawa. Kamar ruwan shinkafa. Na canja zane har na rasa na canjawa. Mai kemis ya rufe ya koma Bukkuyum tun makon jiya. Na haɗa gishiri da sukari da ruwan jarka, ina ba ta cokali-cokali, tana dawo da shi.

Inna ta rarrafo tsakar gida da moɗa cike, tana laluben hanya, rabin yana zuba a ƙasa. "Ga shi, ki haɗa da wanga, ya hi na rahi tsabta."

Na ce a'a.

"Ke, ba lokacin hushi na ba. Na ce na janye."

Na ce ba na so.

Ta wuce ni ta lalubo kan yarinyar za ta kafa mata a baki. Na make hannunta. Moɗar ta yi sama ta faɗi can. Uwata, na make ta, a gaban Haris. Ya miƙe tsaye ya ce, "Yaya, kin haukace?" Inna ta riƙe hannun ta ce, "Ƙyale ta. Ramuwa takai. Na hana ta ran da tar roƙe ni, shi na take son ɗiyar ta mutu da ƙishi don in gani."

Na buɗe baki. Sai na ce mata ta koma ɗaki ta rungumi randarta.

Asabar, 4 ga Mayu, da hantsi

Idon Basma ya faɗa. Ba ta kuka. Haris ya zagaya duk masu babur, ba mai yarda ya bi hanyar Anka. Ya ce shi zai kai mu, ko me zai faru ya faru. Muka goya ta muka fita, a bakin gari masu gadi suka tare mu, suka ce ko tsinke ba ya wucewa yau, an ga ƙura a gaba. Na zage su, na zagi iyayensu. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Yi haƙuri, ɗiyata." Shi ma na zage shi.

Jarka ta ƙare. Zafi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Bayan Azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 6 ga Mayu, da yamma

Jiya kafin La'asar aka kai ta, a zafin nan ba a ajiye kowa.

Gwaggo Laraba ta shigo da zanenta a ɗamare ta ce ina ruwa. Babu. Tulu ya ƙafe, jarka ta ƙafe. Wata a cikin matan ta ce a aika kududdufi. Sai Inna ta ɗaga murya daga ɗaki, muryar da ban san tana da sauranta ba.

"Kul! Ba a wanke min ƙawa da ruwan dalma. Ku ɗauki randata duka. Ga magarya nan na shanya. Ni a yi min taimama."

Mata suka hau salati suna sa mata albarka. Wata har da hawaye, wai ba ta taɓa ganin kaka irin wannan ba.

Ni da Gwaggo Laraba muka kinkimo randar zuwa bayan ɗaki. Ta fara ɗiba daga sama, garau. Da ta yi ƙasa moɗar ta taɓo gindi, sai ruwan ya tashi ja. Ta tsaya. Ta kai hanci. Ta shafo laka a yatsa ta murza. Matar da ta ga likkafanin Malam Sambo ba sai an gaya mata ba. Ta ɗago ta dube ni, ni ma na dube ta.

Inna ta kira, "Laraba, ya ishe ku?"

Gwaggo Laraba, mai bakin da ba ya riƙe komai, ta ce, "Ya isa, Inna. Har da saura."

Ni na riƙe kan, ita tana zubawa. Ƙurajen wuyanta sun fara warkewa ashe.

Laraba, 8 ga Mayu, tsakar rana

Masu gaisuwa na shigowa, kowa da labarin randa. Sai su gaishe ni sama-sama su wuce ɗakin Inna su zauna. An ce har liman ya ambace ta. Gwaggo Laraba ba ta sake leƙowa ba. Haris ba ya cin abin da na dafa.

An gyara fanfo yau. Wasu suka zo da mota da sababbin faifai, kafin Azahar ruwa na zuba, yara na wanka a ƙarƙashinsa suna ihu. Ina jin su daga nan.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan La'asar

Na kai wa Inna ruwan fanfo kofi cike. Ba ta karɓa ba. Ta ce in zauna. Tun ranar Lahadi take juya abin a ranta, na gani a fuskarta, ba ta barcin rana kuma.

Ta ce, "Ke. Ɗiyar nan lahiyarta lau har ran da nab ba ta ruwana. Na lissaha, na sake lissahawa." Ta lalubo gwiwata ta riƙe. Hannun ba nauyi. "Ke ka zuba min shi kullum da hannunki, ke ka gani. Ruwan nan mai kyau na, ko? Ba ni na ba ko?"

Kalma ɗaya take nema. Ko in ce mai kyau ne, ta samu barci. Ko in faɗi ɗayar maganar, ta tsine mini ta huta, ta san ba ita ba ce. Duka biyun suna bakina.

Na cire hannunta daga gwiwata.

Na ce, "Ni ina layin rafi, Inna. Ke kika ba ta."

Ta juya ta fuskanci bango. Na ajiye mata kofin a inda hannunta zai kai, na fito. Har yanzu yana nan cike.